Gungun da Ya Tashi, Na Wane Ne?

Kundin dokokin zamantakewa na ƙasar Jamus, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairun 1900, yana da sassa fiye da 2,000 a kan aure da gado da bashi da cinikin gida. A tsakiyarsu akwai huɗu, daga na 961 zuwa na 964, waɗanda ba su da wani batu sai gungun ƙudan zuma da ya tashi daga amya. Idan mai amya bai bi gungunsa nan take ba, ko ya bi ya gaji ya juya, gungun ya fita daga hannunsa, kowa ya kama nasa ne. Muddin yana biye da shi kuwa, doka ta yarda ya shiga gonar wani ba da izini ba, har ya buɗe amyar wani idan babu kowa a cikinta sai ƙudajensa, amma ya biya ɓarnar da ya yi. In gungun mutum biyu suka haɗe a reshe ɗaya, sun zama abokan tarayya ko ba su so. In kuma gungun ya kutsa amyar da ke da masu ita, to, ya zama na mai wannan amya, mai bi sai ya koma gida hannu rabbana. Har yau sassan nan suna aiki.

Abin da ya sa manyan alƙalai suka zauna rubuta irin wannan hukunci yana faruwa ne kowace bazarar Turai, daga Afrilu zuwa Yuni, bayan sanyin hunturu ya ja da baya. Furanni su buɗe, abinci ya yawaita, sarauniya ta kama zuba ƙwai har 1,500 ko fiye a yini guda. Cikin 'yan makonni amya ta cika maƙil. Daga nan sai ma'aikata su gina wasu gurabe na daban a gefen saƙa, masu rataye kai ƙasa, masu kama da kwanson gyaɗa, inda za a reni sababbin sarauniyoyi. Su kuma rage wa tsohuwar abinci don ta rame ta iya tashi sama. Sarauniya tana ɗaukar kwana 16 daga ƙwai zuwa fitowa, ana kuma rufe gurbinta a wajen kwana na takwas ko na tara. Da an rufe na farko, idan rana ta yi kyau, sai tsohuwar sarauniya ta fice da rabin jama'arta ko fiye, kowace ƙuda ta cika cikinta da zumar guzuri. Ba sa yin nisa da farko. Sukan dunƙule a wani reshe kusa, su yi awa kaɗan ko kwana biyu zuwa uku, sannan su tashi gaba ɗaya zuwa sabon gida. Wannan ɗan zaman reshe shi ne duk damar da mai kiwo yake da ita.

Mutanen da can sun yi amfani da damar da ƙarfinsu. Aristotul ya rubuta cewa masu kiwo a Girka suna kaɗa tukwane don tara gungu, ko da yake shi kansa ya yi shakkar ko ƙudajen suna jin ƙarar ma. Virgil, mawaƙin Rum, a littafinsa na aikin gona da ya kammala a wajen shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da shawarar kaɗa ƙarfe, da watsa ƙura, da kuma cire fikafikan shugaban amya don kada jama'a su tashi. Shi a ganinsa shugaban namiji ne, sarki. Al'adar kaɗa ƙarfen nan ta rayu a ƙauyukan Ingila da Faransa har cikin ƙarni na 19: da an ga gungu a sama sai matar gida ta fito da tukunyar ƙarfe da mabuɗin ƙofa ko ludayi, yara na biye, ana bugawa ana tsallake shinge. Ƙudajen dai ko an buga ko ba a buga ba za su sauka a reshen kusa, don haka ɗabi'arsu take. Waɗanda ƙarar ta yi wa aiki da gaske su ne maƙwabta, domin sanarwa ce cewa gungun nan yana da mai shi, ga shi nan tafe.

Sanarwar kuwa tana da tushe a shari'a. Littafin dokoki na Sarki Jastiniyan na shekarar 533 ya ce gungun da ya tashi daga amyarka naka ne muddin idonka na kansa kuma binsa bai gagara ba. A tsibirin Ailan, tun ƙarni na 7, akwai wani kundi sukutum a kan hukunce-hukuncen zuma mai suna Bechbretha, wanda ya lura da cewa ƙuda ba ta san iyakar gona ba, saboda haka bayan shekara uku da kafa amyoyi maƙwabtan da ƙudajen ke kiwo a filayensu suna da rabo a cikin gungun da za su tashi. Malaman coci ma ba a bar su a baya ba. A gidan ibada na Lorsch a Jamus wani ya rubuta addu'ar kiran gungu gida a gefen shafin wani littafin addini, a wajen ƙarni na 10.

Me ya sa ake wannan rububi? Amsar tana cikin irin amyar da ake da ita. A arewacin Turai kwando ne da aka saƙa da karan hatsi aka kife a kan katako. Ƙudaje suna manna saƙarsu a jikinsa, ba a iya ciro ta a duba a mayar. In kaka ta yi, mai kiwo sai ya bi amyoyinsa yana ɗagawa yana jin nauyi. Masu nauyi sosai da marasa nauyi, waɗanda ba za su kai ƙarshen hunturu ba, sai a ɗora su a kan rami da aka kunna farar wuta a ciki, hayaƙin ya kashe ƙudajen, a kwashe zuma da kaki. Matsakaita ake bari su zama iri. Tun da kowace shekara ana yanka wani kaso na garken, dole kowace bazara a samu abin cike gurbi, kuma ba inda zai fito sai daga ƙaura, wato tashin gungu daga amya. Shi ya sa da gangan ake saƙa kwandon ƙarami, don ya cika da wuri ƙudaje su tashi da wuri. Gungun watan Mayu dukiya ne, domin yana da lokacin gina saƙa da tara abinci. Na watan Yuli kuwa ko kyauta aka ba manomi sai ya yi tunani.

Masu wannan sana'a sun san ƙaura da kunne. Charles Butler, wani limamin coci a Ingila, ya fitar da littafi a 1609 mai suna The Feminine Monarchie, wanda ya yaɗa wa masu karatun Ingilishi cewa shugaban amya mace ce. A ciki har ya rubuta, da alamomin masu kiɗa, kukan da sababbin sarauniyoyi ke yi kwanaki bayan tashin gungun farko: wadda ta fito tana kira, waɗanda ke cikin gurbi suna amsawa. Mai kiwo ya kara kunne a jikin kwando da yamma, in ya ji wannan kukan ya san gungu na biyu na nan tafe, kada ya yi nisa da gida gobe.

Inda sana'ar ta kai ƙololuwa shi ne dajin Lüneburg, tsakanin Hamburg da Hanover. Babban furen wurin, na wani gajeren tsiro mai launin shunayya, ba ya buɗewa sai Agusta. Saboda haka masu kiwo suka gina lissafinsu a kan ƙaura: a fito daga hunturu da amyoyi kaɗan, a ciyar da su, a bar su su yi ta tashi har adadin ya ninka uku ko huɗu kafin furen ya zo. A watan Mayu da Yuni mai kiwo ba ya barin rumfar amyoyinsa. Da ya ga ƙudaje sun fara ɓarkowa sai ya manna wata doguwar jakar raga a bakin kwandon, gungun ya afka ciki tun bai ga sararin sama ba. Kwandunan nasu ana shafe su da kashin shanu, abin da ba zai ba mai kiwon zuma na ƙasar Hausa mamaki ba. Shi ma amyarsa ta ciyawa haka yake shafe ta, ya ɗora a kan bishiya, ya jira gungun da ke yawo ya shiga. A wurinsa, har gobe, gungu mai tashi arziki ne da ke neman masauki.

Juyin ya fara ne a hankali, a hannun mutane uku da suka nace sai sun ga abin da ke faruwa cikin duhun amya. Adam Schirach, wani fasto a gabashin Jamus, ya nuna a shekarun 1760 cewa idan aka raba ƙudaje da sarauniyarsu, aka bar musu 'yan tsutsotsi ƙanana, za su zaɓi wadda da ma'aikaciya za ta zama su rene ta ta zama sarauniya. Ma'anar wannan ga mai kiwo babba ce: yana iya raba amya da hannunsa ba sai ya jira ta tashi ba. Anton Janša, ɗan ƙauye daga yankin da yau ake kira Sulobeniya, wanda ya je Vienna koyon zane, ya ƙare a matsayin malamin kiwon zuma da Sarauniya Maria Theresa ta naɗa. A 1771 ya wallafa littafi a kan ƙaura kaɗai, ya kuma yi ta wa'azin a daina kashe ƙudaje don cin zuma. Bai kai shekara 40 ba ya rasu a 1773, amma 20 ga Mayu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a matsayin ranar ƙudan zuma, don tunawa da shi aka zaɓe ta.

Na ukun makaho ne. François Huber na Geneva ya rasa ganinsa tun yana saurayi, sai ya yi aron idon baransa François Burnens. Ya ƙera amya mai buɗewa fallen-fallen, kowane falle da saƙarsa. Huber ya tsara tambaya, Burnens ya duba ya faɗa masa abin da ya gani, yana shan harbi. Littafinsu na 1792 ya tabbatar da binciken Schirach, ya tabbatar da cewa tsohuwar sarauniya ce ke jan gungun farko, kuma sabuwa a sararin sama take haɗuwa da maza. Sunan Huber ne a bangon littafin, ko da yake shi da kansa ya yaba wa Burnens a gabatarwa, abin da ba kowane maigida na wancan zamani zai yi ba.

Sai dai amyar Huber ta masu bincike ce, ba ta manomi ba. Wadda ta sauya sana'ar ta fito ne daga Philadelphia ta Amurka. A 1851 Fasto Lorenzo Langstroth ya gane cewa idan aka bar tazarar da ke tsakanin milimita 6 zuwa 9, ƙudaje ba sa cike ta da saƙa, ba sa kuma liƙe ta da danƙo. Hanyar wucewa suke ɗaukar ta. Ya rataye firam-firam na katako cikin akwati da wannan tazara ta kowane gefe, sai ga shi ana zaro saƙa ɗaya bayan ɗaya a duba a mayar. Ya samu takardar mallakar ƙirƙirar ran 5 ga Oktoban 1852, duk da cewa masu kwaikwayo ne suka ci ribarta fiye da shi. Ba a jima ba sauran kayan suka biyo: fallen kaki mai zanen gurabe na Johannes Mehring a 1857, da injin juya saƙa na Franz von Hruschka a 1865, wanda ke fitar da zuma ya bar saƙar lafiya lau, sai kuma raga mai ƙananan ramuka da ma'aikata ke ratsawa amma sarauniya ba ta iya wucewa.

Cikin shekara 20 lissafin ya kife. Tun da ba a kashe ƙudaje a kaka, ba a bukatar cike gurbi a bazara. In ana son ƙari, a raba da hannu. Gungun da kakanni ke bi da tukunya ya zama asara tsantsa: rabin ma'aikata sun tafi daidai lokacin da fure ya buɗe, sun kuma tafi da zuma a cikinsu. Wani mai bincike a Amurka, C. L. Farrar, ya auna abin a 1937, ya nuna amya ɗaya mai ƙudaje 60,000 ta fi amya huɗu masu 15,000 kowace tara zuma. Ƙuda dai ba ta sauya hali ba ko kaɗan. Akwati ne ya sauya, sai abin da jiya ake roƙo ya zama abin da yau ake yaƙi da shi.

Dabarar farko ita ce ta ƙarfi: a buɗe akwati kowane kwana bakwai, a murƙushe duk gurbin sarauniya da aka gani. Kwana bakwan nan daga lissafin rufe gurbi ya fito, don a riga su. Amma gurbi ɗaya ya ɓuya a lungun saƙa, aikin mako ya tashi a banza, kuma ƙudajen da suka ƙudurta tafiya sukan sake gina wasu kafin mai kiwo ya wanke hannu. Wasu suka koma ga shawarar Virgil, suna datse fiffiken sarauniya da almakashi. Wannan jinkiri kawai yake saye: gungu ya fita, ya ga uwar ba ta biyo ba, ya dawo, ya jira budurwar sarauniya ta fito ya tafi da ita.

Dabarun da suka daɗe duka na wayo ne, kuma hikimarsu guda: a sa ƙudaje su ɗauka sun riga sun yi ƙaurar. A wadda Ingilawa ke jingina wa James Pagden, na ƙarni na 19, ana ɗauke akwatin a kai shi gefe, a ajiye sabo a gurbinsa, a saka tsohuwar sarauniya a ciki. Manyan ƙudaje masu fita kiwo wuri suka sani, ba akwati ba, don haka duk sai su dawo tsohon gurbi su tarar da uwarsu a gida fanko, babu 'ya'yan reno, tamkar sun sauka a sabon masauki. George Demaree na jihar Kentucky ya bayyana tasa a mujallar American Bee Journal a 1892, ita kuwa ba ta ma raba gidan: sarauniya a akwatin ƙasa da saƙa fanko, raga a kanta, akwatunan zuma a tsakiya, 'ya'ya can a sama. Masu reno su hau sama wurin 'ya'ya, cunkoson ƙasa ya watse, jama'a kuma tana nan cikakkiya don aikin fure. Wahalarta ɗaga akwatuna masu nauyi, da komawa bayan mako a rushe guraben da na sama za su gina. L. E. Snelgrove na Somerset ya ƙara da wani allo mai ƙananan ƙofofi a 1934, ana buɗe wannan a rufe waccan a ranakun da aka ƙayyade. Mai kiwon da ba ya riƙe kalanda ya fi kyau ya bar wannan dabara.

Mafi ban kallo ita ce ta G. F. Taranov na Tarayyar Sobiyet, ta 1947. Ana jingina allo a karkace a gaban akwati, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da ƙofa, a kakkaɓe ƙudajen duka a gindinsa. Su hau allon. Da sun kai baki, waɗanda suka saba fita sai su tsallake su shige gida. Matasan da ba su taɓa tashi ba su tsaya, su dunƙule a ƙarƙashin allon tare da sarauniya. Waɗannan kuwa su ne ainihin waɗanda da za su tafi. Mai kiwo ya ɗauke su ya zuba a sabon akwati.

Duk wannan an yi shi ne kafin a san dalilin ƙaurar sosai. Sai a 1954 Colin Butler, a cibiyar bincike ta Rothamsted a Ingila, ya nuna cewa sarauniya tana fitar da wani sinadari da ma'aikata ke lasa su yaɗa a tsakaninsu, wanda ke hana su gina guraben sarauniya. In ta tsufa sinadarin ya ragu, ko jama'a ta yi yawan da ba ya kai wa kowa, sai gini ya fara. Wannan ya bayyana abin da masu kiwo suka daɗe da lura, cewa amya mai sabuwar sarauniya da wadataccen fili ba ta cika tashi ba.

Abin da gungu ke yi a kan reshe kuma Martin Lindauer ne ya buɗe shi. A Munich, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga wasu ƙudaje suna rawa a jikin gungu, jikinsu duk baƙin hayaƙi da jar ƙurar bulo, ba garin fure ba. Ya gane daga kangaye da bututun hayaƙi suke, neman gida suka je. Ya koyi karanta rawar har yana sanin inda gungu zai nufa, ya bi shi da gudu ta cikin rusasshen birni. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ya ɗora a kai, a tsibirin Appledore da ke gaɓar jihar Maine, inda babu manyan bishiyoyi masu kogo, ya nuna 'yan leƙe ɗari-ɗari ne ke gardama da rawa har su daidaita, kuma sun fi son kogo mai cin kimanin lita 40 da ƙaramar ƙofa. Ya kuma gano a dazukan jihar New York cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na gungun da suka kama gida a daji ke tsallake hunturun farko.

Cire ragar tsare sarauniya kuwa ya taɓa sauya nahiya guda. A 1956 Warwick Kerr ya kai sarauniyoyin Afirka Burazil don samar da irin da zai jure zafi. A 1957, kusa da garin Rio Claro, aka cire ragar da ke tare su a bakin akwatuna, gungu 26 suka tsere. Ƙudan Afirka ya fi na Turai yawan tashi nesa ba kusa ba, ga shi in wuri bai yi masa ba ya kwashe gaba ɗaya. Jikokinsu suka yi ta cin ɗaruruwan kilomita a shekara, har suka shiga jihar Texas ta Amurka a 1990.

Sai kuma ga wata 'yar kaska mai suna varroa, wadda ta isa Amurka a 1987 da Birtaniya a 1992, ta sake dagula lissafin. A cikin gurbin 'ya'ya da aka rufe take hayayyafa, don haka katafaren akwatin da sarauniya ke zuba ƙwai ba hutu, irin wanda aka shafe ƙarni ana neman ginawa, shi ne aljannarta. Amyar da ta yi ƙaura kuwa tana yin makonni ba 'ya'ya kafin sabuwar sarauniya ta fara ƙwai, ga wani kaso na kaskar ya bi masu tafiya. Seeley da abokan aikinsa sun gwada wannan, suka wallafa a 2016: rukuni ɗaya a ƙananan akwatuna aka bar su su tashi, ɗayan a manya ana hana su, ba a yi wa kowa magani ba. Mafi yawan na manyan akwatuna suka mutu, mafi yawan na ƙananan suka rayu, sai dai zumarsu kaɗan ce. Masu kiwon kasuwa ba su koma ƙaramin akwati ba, don da zuma suke biyan bashi, amma da yawansu yanzu suna raba amya a bazara ko su tsare sarauniya a keji na wasu makonni da niyya biyu, hana tashi da kuma yanke wa kaskar haihuwa.